Tsohuwar Marsandi Kompressor: shekara biyu ana sauya kaya, kwana biyu ana awo

## Asalin motar da abin da aka gada

Motar Marsandi ce ƙirar C200 Kompressor, samfurin da masu sana'a ke kira W203, kuma ta fito daga masana'anta a 2003. Injinta M271 ne, mai silinda huɗu, lita 1.8, wanda a takardar kamfani yake ba da ƙarfin doki 163. Giyarta otomatik ce mai hawa biyar, wadda aka fi sani da lambarta, 722.6. Ta yi kusan shekara goma a Turai, ta shigo ta Kwatano tun kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, ta yi hannu ɗaya a Kaduna, sannan ta zo hannun mai ita na yanzu a 2019. Ma'aikaci ne. Iyalinsa suna Kano, aikinsa yana Kaduna, saboda haka kusan kowane mako motar tana cin wannan hanya mai kimanin kilomita 230, zuwa da dawowa.

Ranar da aka saye ta maleji yana nuna kilomita 212,000. Babu takardar sabis ko ɗaya da ta biyo ta, kuma kowa ya san maleji kan koma baya kafin mota ta iso hannun mai saye, don haka wannan lamba ita ce mafi ƙarancin abin da za a ce ta ci. An kuma gaji abubuwa uku daga hannun baya ba tare da an lura ba. An cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, aka haɗa fankar lagireto kai tsaye. Ruwan famfo zalla ake zuba mata. Baƙin man da ake juye mata kuma mai kauri ne, 20W-50, irin na tsofaffin motocin haya, alhali littafinta mai mai lambar amincewa 229.3 ko 229.5 ya nema, wanda a kasuwa yawanci 5W-40 ne ko 0W-40.

Abin da ya raba wannan inji da sauran ƙananan injuna shi ne sufacaja, wato famfon da ke cusa masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Na kamfanin Eaton ne. A cikinsa akwai murɗaɗɗun ƙarafa biyu da ke juyawa a maƙale da juna, suna ɗibar iska suna tura ta gaba. Bambancinsa da tabo shi ne tabo hayaƙin salansa ne ke juya shi, wannan kuwa bel ne. Bel ɗaya ne kuma ke juya shi tare da altanato, famfon ruwa, famfon sitiyari da kwamfiresar AC. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, shi ya sa kafin ta shiga inji ake bi da ita ta wani lagireton iska da ke can ƙasa a bayan bamba ta gaba. Birenbos kuma, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana lissafin man da zai fesa ne da abin da sansar iska, na'urar da ke auna iskar da ke shiga, ta gaya masa.

## Disamba 2021: alamun farko

Da sanyin hunturu aka fara ji. Idan ta kwana aka tayar da ita da asuba, sai gaban injin ya yi kar-kar-kar na daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan ya yi shiru. Da rana ba a jin komai. Maleji yana wajen 255,000 a lokacin. Bayan 'yan makonni silo ya fara rawa: a tsaye a danja allurar inji ta faɗi ta tashi, wani lokacin kamar za ta mutu. Fitilar gargaɗin inji ta kama. Man da take sha daga Kano zuwa Kaduna ya tashi daga lita 22 zuwa 26.

Bakaniken unguwa ya ce ƙarar safe ta tsufa ce, baƙin mai ne bai hau sama da wuri ba, ya kuma ba da shawarar a ƙara masa kauri. An zuba wani ruwan ƙari mai danƙo. Ƙarar ta ragu na mako guda.

## 2022: shekarar sauya kaya

A wannan shekara motar ta shiga gareji uku. An sauya fulogi sau biyu, an sauya kwayil huɗu, an sauya famfon mai da filtarsa, an wanke nozul. Wani mai na'urar kwamfuta ya jona, ya ga lambar P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa a cikin haɗin da injin ke ƙonawa, ya ce sansar iska ce. An cire ta asali aka sa wata mai araha wadda ba ta da sunan kowa a jikinta. Duk lokacin da aka goge lambobin fitilar takan mutu, mai mota ya biya ya tafi, bayan kwana uku ko huɗu ta dawo.

A watan Oktoba ƙarar safe ta kai daƙiƙa biyar, kuma lambar P0016 ta bayyana, wato juyin kiransha, sandar da fistin ke juyawa, da na kamsha, sandar da ke buɗe bawul, sun daina tafiya daidai. A nan an taɓa wurin da ciwon yake. An sauya sarƙar tayimin da abin da ke ɗaure ta, amma an bar gargarorin nan biyu masu haƙora da ke bakin kamsha, domin kuɗinsu ya ninka na sarƙar sau da yawa, kuma bakaniken ya ce da sauransu. Ƙarar ta ɗauke wata biyu, ta dawo.

Sai kuma wata ƙara daban, ta bel: wani kuka mai kama da tsiwa idan an kunna AC ko an murɗa sitiyari a tsaye, bel ɗin yana kaɗawa ana gani da ido. Bakanike ya ɗora sukundireba a jikin sufacaja ya kara kunne, ya ce shi ne. An sayo ɗan Beljiyam aka ɗaura a watan Disamba. Da aka sauke tsohon, an ga wani baƙin tiyo a ƙarƙashinsa ya tsattsage, yana naso da mai. Yaron gareji ya naɗe shi da baƙin salatif na masu wayarin, aka mayar da komai. Kukan bel bai tafi ba. Mai motar bai yarda ya bar musu tsohon sufacajan ba, ya kai shi gida ya ajiye a sito.

## Maris zuwa Yuni 2023: ƙaramin fuli

Zuwa wannan lokaci motar ta yi nauyi. Wuce tirela a hawa sai an yi lissafi. Wani ɗan'uwan mai motar da ke zaune a waje ya aiko masa da ƙaramin fuli na bakin sufacaja, abin da masu son gudu ke sawa a Turai. Hikimar ba ta da wuya: idan fulin ya ƙanƙance, bel zai juya sufacaja da sauri fiye da da, iskar da ke shiga ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. An ɗaura shi a watan Maris, da tsohon bel da tsohon abin ɗaure bel.

Da sassafe an ji bambanci. Da rana tsaka kuwa, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, motar ta fi da sanyin jiki, kuma idan aka taka totur sosai ana jin wani ƙyas-ƙyas daga cikin inji. Baƙar ƙurar roba ta fara taruwa a gaban injin, alamar bel yana sulɓewa. A tsakiyar watan Mayu bel ɗin ya yi tsalle ya fita a kusa da Kwanar Ɗangora. Nan take sitiyari ya yi tauri, fitilar batir ta kama, zafin inji ya fara hawa, tunda famfon ruwa ya tsaya. Mai motar ya sauka gefen titi ya kashe ta kafin zafin ya wuce kima. Da janwe aka dawo da ita Kano.

An sa sabon bel ta ci gaba da tafiya, amma tana shan lita 32 a hanyar da a da take shan 22. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni ya jingine ta a gida ya koma motar haya. Maleji yana 281,000.

Shawarwari sun yi ta zuwa. Wasu sun ce ya sayar da ita a yadda take. Wasu sun ce ya sayo inji ɗan Beljiyam gaba ɗaya. Akwai wanda ya ce a cire sufacajan a bar injin ya shaƙi iska da kansa, akwai kuma wanda ya ce a dasa mata injin wata motar Japan a huta.

## Agusta 2023: kwana biyu na awo

Gareji na huɗu na wani bakanike ne da ya daɗe a kan Marsandi, yana kuma da na'urar da ke nuna abin da sansoshi ke faɗa alhali inji yana aiki, ba lambobin laifi kaɗai ba. Sharaɗinsa ɗaya ne. "Yallaɓai, ka ba ni kwana biyu, kada ka sayi ko ƙusa. Kuɗin awo kawai za ka biya."

Ya fara da tambayar da ta fi kowace tsada, wato ko injin ya cancanci a kashe masa kuɗi. An cire fulogi aka auna matsin kowace silinda. Duka huɗun sun faɗa tsakanin 11 da 12 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Ringi da bawul suna riƙewa, kuma tsayawar da aka yi da wuri a Kwanar Ɗangora ta ceci tof gasket, wanda ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa: babu ruwa a baƙin mai, babu kumfa a tankin ruwa.

Sai batun P0171. Na'urar ta nuna a silo birenbos yana ƙara mai da kashi 22 cikin ɗari a kan lissafinsa, amma da aka riƙe injin a juyi 2,500 a minti sai ƙarin ya sauko zuwa kashi 6. Wannan sigar tana da ma'ana. Da famfon mai ne ya gaza, da matsalar ta fi tsanani lokacin da inji ke neman mai da yawa. Tunda a silo ta fi tsanani, wata iska ce ke shigowa ta ɓarauniyar hanya ba tare da ta bi ta kan sansa ba, kuma a silo ne 'yar wannan iska take da yawa idan aka gwada ta da wadda injin ke shaƙa. An hura hayaƙi cikin hanyar iska aka zuba ido. Daga ƙarƙashin sufacaja ya fito, daga tiyon nan da aka naɗe da salatif. Tiyon numfashin inji ne, mai kwashe tururin mai daga cikin inji ya mayar da shi hanyar iska, kuma tsagewarsa sananniyar cuta ce a wannan inji. Da aka ciro shi ya dagargaje a hannu, ɗan bawul ɗin da ke jikinsa kuma ya toshe da baƙin dasƙararren mai.

An buɗe murfin saman inji. Gargarorin kamsha biyun, waɗanda ba haƙora kaɗai ba ne, a cikinsu akwai na'urar da matsin baƙin mai ke motsawa don sauya lokacin buɗewar bawul, sun cinye. Haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, wasu tsayinsu ya koma rabi. Sabuwar sarƙar da aka sa wata goma da suka wuce tana iya ɗagawa daga kansu da ɗan yatsa. Sarƙar wannan inji layi ɗaya ce, siririya, kuma idan ta tsallake haƙora fistin da bawul suna haɗuwa. Bakaniken ya hana a sake tayar da motar daga wannan rana.

Abu na gaba shi ya fi ba mai motar mamaki. Birenbos na wannan inji a jikin akwatin filtar iska yake. Da aka zare soket ɗinsa, baƙin mai ya ɗiga daga cikin filoginsa. Daga wasu maganaɗisu biyu da ke gaban kamsha yake fitowa, waɗanda birenbos ke sarrafa gargarorin da su. Idan sun tsufa sukan yi yoyo ta cikin soket ɗinsu, man kuma ya bi tsakanin siraran zaren tagulla na cikin waya kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, har ya isa birenbos da sansar hayaƙi.

Kukan bel kuma ba na sufacaja ba ne. Fulin altanato na wannan mota an yi shi ne ya kama ta gefe ɗaya ya saki ta ɗaya gefen, don ya shanye fizgar inji. Nata ya ƙafe ya zama dunƙule. Shi ke sa bel kaɗawa, shi ya gajiyar da abin ɗaure bel, ƙaramin fuli kuma ya zo ya ƙarasa. Bakaniken ya sa aka kawo tsohon sufacajan daga sito. Da hannu aka juya su biyun. Na asalin yana juyawa sumul babu girgiza, ɗan Beljiyam ɗin kuwa yana da wasa a baki, cikinsa kuma da zane-zane.

Sauran abin da awon ya nuna: a gajeriyar tafiyar gwaji da aka yi kafin a buɗe saman injin, zafin ruwa bai wuce digiri 68 a buɗaɗɗen titi ba, alhali wajen 90 ya kamata ya zauna. Birenbos yana ɗaukar irin wannan inji a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, ya ci gaba da ba shi mai da yawa. Lagireton iska kuma da aka sauke shi an tsiyayo baƙin mai daga ciki, haƙarƙarinsa sun toshe da ƙura da ƙwari, tsakaninsa da lagireton AC an kwashe busasshiyar ciyawa da leda.

## Satumba zuwa Disamba 2023: gyara bi da bi

Kuɗin ba su isa a yi komai a tashi ɗaya ba, ga shi tun Yuni da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. An jera aikin bisa haɗari. Abin da zai iya kashe inji shi ne farko, sai abin da ke yi wa birenbos ƙarya, sai zafi.

A Satumba aka sa sabbin gargarorin kamsha biyu, sabuwar sarƙa, sabon abin ɗaure ta da madogarar sama. Sabbi fil aka yi oda daga Legas, aka ƙi 'yan Beljiyam, domin duk injin da aka ciro su daga jikinsa sa'an wannan ne kuma ciwonsu ɗaya. Gargarorin biyu kaɗai sun fi duk sauran kayan wannan zagaye tsada. An zura sabuwar sarƙar ta sama, aka haɗa bakinta da na tsohuwar ana juya inji a hankali har ta zagayo, aka danne mahaɗinta da na'urar da aka yi don haka. Kafin a sa makulli an juya injin da hannu zagaye biyu, aka tabbatar alamomin tayimin sun dawo mazauninsu. A rana ɗaya aka mayar da sufacajan asali da fulinsa na kamfani, bayan an zuƙe ɗan man da ke cikinsa, wanda ya yi baƙi yana wari, aka zuba sabo irin nasa na musamman. Aka sa sabon fulin altanato, sabon abin ɗaure bel da sabon bel.

Tunda sufacaja yana ƙasa, an sauya tiyon numfashin da bawul ɗinsa a lokacin. Kuɗin tiyon bai kai na fulogi huɗu ba. An sa sabbin maganaɗisu, aka kuma ƙara musu gajerun wayoyin tsani da kamfanin ya fitar don tare mai kada ya sake bin waya. An wanke soket ɗin birenbos da ruwan wanke kayan lantarki sau da dama cikin makonni, saboda man da ya riga ya shiga waya yakan ci gaba da fitowa. Birenbos ɗin bai lalace ba. Sansar hayaƙi ta gaba ta lalace, an sauya ta. Sansar iskar nan mai araha ita ma an fitar da ita, domin ko bayan an toshe ɓarauniyar hanya lissafinta bai daidaita ba. Da aka sa ta ƙwarai aka goge abin da birenbos ya koya a baya, ƙarin mai ya zauna tsakanin kashi 3 da 5.

Baƙin mai an koma 5W-40 mai lambar 229.5, lita biyar da rabi. Ba a zuba sinadarin wanke inji ba, don gudun kada dattin shekaru ya ɓalle a dunƙule ya toshe matatar famfon mai. Maimakon haka an juye a kilomita 1,000, aka sake a 3,000. Sabon man ya tona yoyo biyu da mai kaurin ya rufe, ɗaya a gasket ɗin murfin sama, ɗaya a mazaunin filtar mai. An sauya robobinsu.

A Nuwamba aka yi na ruwa: tamostat, famfon ruwa, sabon lagireto saboda tsatsa ta cika tsohon, da ruwan sanyaya inji mai lambar 325.0 rabi da rabi da tataccen ruwa. Rewaya ya warware haɗin kai tsayen da aka yi wa fanka, ta koma hannun birenbos. Mai motar ya yi jayayya a nan, yana ganin tamostat na ƙasar sanyi ne. An ce ya gwada wata guda. Zafin ya zauna a ƙasa kaɗan da 90, a gosulon cikin gari da a babban titi.

## Fabrairu 2024: giya ta kawo nata

Wata rana da yamma giya ta maƙale a hawa na biyu ta ƙi sauyawa sai da aka kashe mota aka sake tayarwa. Wannan karon ba a sayi komai ba sai da aka jona na'ura. Sansar juyi ce ta cikin giyabos, wadda ke jikin faifan lantarkin da ke saman bawul-bodi, ɓangaren da ke rarraba man giya. Soket mai fil 13 da ke gefen giyabos ɗin shi ma yana yoyo, man ya fara bin waya zuwa kwamfutar giya. An sauya faifan, soket ɗin, filta da gasket, aka zuba mai mai lambar 236.14. Man da ya fito baƙi ne ƙirin, da alama tun na masana'anta ne, domin a shekarun da aka ƙera waɗannan motoci ana cewa man giyarsu ba ya buƙatar sauyi, daga baya kamfanin ya koma ba da shawarar a sauya. Giyar ba ta zuwa da sandar awo, sai da ta gareji aka auna, mai yana digiri 80.

## Afrilu 2024: an sake gwada fulin

Mai motar bai haƙura da ƙaramin fulinsa ba. Hujjarsa ita ce a bara a kan inji marar lafiya aka gwada shi. Bakaniken ya yarda, bisa sharaɗin a sa bel daidai da shi kuma a auna. An zaɓi miƙaƙƙen wuri ɗaya a wajen gari, aka yi gwaji da fulin kamfani da kuma ƙaramin, da asuba da kuma ƙarfe biyu na rana, ana duba lokacin da take ɗauka daga gudun 80 zuwa 120.

Da asuba ƙaramin fulin ya rage kusan rabin daƙiƙa. Da rana, zafin gari yana digiri 41, bai rage komai ba. Na'urar ta nuna dalili. Iskar da ke shiga inji ta kai digiri 58 da fulin kamfani, ta kai 74 da ƙaramin. Iska mai zafi tana sa mai ya fashe kafin lokacinsa, sansar bugu ta ji, birenbos ya ja tartsatsin fulogi baya don ya kare fistin, ƙarfin da aka samu ta nan ya zube ta can. Ga kuma man kansa. Fetur yana da lambar da ke nuna yadda yake jure matsi kafin ya fashe, littafin motar mai lamba 95 ya nema, ya ce 91 na ɗan lokaci ne kuma kada a danne totur har ƙasa, man gidajen mai na nan kuwa ya fi kusa da na biyun. An cire fulin a ranar.

Ƙare-ƙaren da suka zauna a jikin motar ba masu ɗaukar ido ba ne. An ƙara wa man giya ɗan lagiretonsa. An mayar da robobin da ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireton iska maimakon ta zagaye shi, waɗanda suka ɓace tun wani gyaran bamba. An sa sabbin shokazoba, bushin na ƙafafun gaba, birki mai kyau da sabon man birki. Wani ya kawo tallar buɗaɗɗiyar filtar iska mai siffar mazurari, aka ƙi, saboda ƙurar hunturu da kuma man da ake shafa mata wanda ke ɓata sansar iska. Mai motar ya sayi 'yar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari tana aika bayanai zuwa waya, yana duba zafin ruwa da ƙarin mai da kansa.

## Inda aka kwana a ƙarshen 2025

Maleji ya haura 320,000. Kano zuwa Kaduna lita 20 zuwa 21 ne, da AC. Ƙarar safe ba ta dawo ba a hunturu biyu. Ana juye baƙin mai duk kilomita 5,000, kuma tana rage kusan rabin lita tsakanin juyi da juyi. Fitilar gargaɗi ta kama sau ɗaya, kwayil ɗaya ce daga cikin na 2022 ta mutu. Tsatsa ta fito a ƙasan ƙofofi biyu da bakin tayar baya, ba a taɓa ta ba tukuna.

## Hukunci

Kayan da aka sauya a 2022 yawancinsu ba su da laifin komai. Famfon mai, nozul, sansar iska ta asali da sufacaja duk lafiyarsu ƙalau aka taɓa su, biyu daga ciki ma an maye gurbinsu da waɗanda ba su kai su ba. Lambar P0171 gaskiya ta faɗa tun ranar farko, amma ita yanayi take bayyanawa, ba ta nuna kayan da ya lalace. Duba ƙarin mai a silo da kuma a juyi 2,500, aikin minti biyar, shi ne abin da ya raba tsakanin famfo, sansa da tsagaggen tiyo, kuma babu wanda ya yi shi sai a gareji na huɗu.

Gyaran sarƙa na Oktoba 2022 shi ne mafi haɗari a duk abin da aka yi, ya fi ƙaramin fulin. Ya kashe ƙarar da ke gargaɗi ya bar haƙoran suna ci, sabuwar sarƙa kuma a kan cinyayyun haƙora ba ta daɗewa. Sa'a ce kawai ta sa ba ta tsallake ba a wata goman nan. A ganina bakaniken da ya yi aikin ya san haka, amma ya san kuma abin da ke aljihun mai mota, ya zaɓi abin da za a iya biya a ranar. Da ya faɗi gaskiyar lamarin ya bar mai mota ya yanke, da ya fita haƙƙinsa.

Ƙaramin fulin ba ƙarya ba ne, yana aiki a inda iska ke da sanyi kuma ake samun mai mai lamba 95 ko 98 a kowane gidan mai. Ga motar da yawancin tafiyarta da rana ce tsakanin Kano da Kaduna, ribarsa ta tsaya a sa'o'in asuba. Ƙarfin da mai motar yake nema a 2023 nasa ne da ya ɓace, kuma ya dawo da tiyo, tayimin da tsabtataccen lagireton iska.

Ko gyaran ya biya kuɗinsa? Lita 11 zuwa 12 da aka rage a kowace tafiya, sau biyu a mako, a farashin da ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, sun mayar da kuɗin aikin inji a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Wannan lissafi ya yi aiki ne saboda awon matsin silinda ya fito da kyau kuma mai motar yana cin dogon zango. Da silinda ɗaya ta faɗi, ko da motar zagayen cikin gari ce kawai, shawarar masu cewa a sayar ta fi kusa da daidai. Bakaniken ya rubuta a bayan littafin motar cewa a buɗe murfin sama a duba haƙoran idan maleji ya kai 350,000, a kuma sauya man giya a lokaci guda.